Daga Gafakar Boɗinga zuwa Manhajar Gwamnati

Wanda ya bar Sakkwato ya kama titin Jega, zai ratsa Boɗinga, ya wuce Shagari, kafin ya kai Tambuwal. A gefen Boɗinga akwai Sifawa, garin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna daga wajen 1810 zuwa 1815, bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808. Ƙanensa Abdullahi ya zauna a Boɗinga kusa da shi, ɗansa Muhammadu Bello kuma yana can yana gina Sakkwato. An saba ba mu tarihin jihadi ta hanyar yaƙe-yaƙe, Tabkin Kwatto da Tsuntsuwa da Alwasa, amma ga mai son sanin yadda daula ta tsaya da ƙafafunta, shekarun Sifawa sun fi waɗannan nauyi, domin a lokacin ne aka ajiye takobi aka zauna tsara yadda za a riƙe jama'a. Abin da nake son kafa hujja a kansa shi ne, mutanen nan sun ɗauki kayan aikin mulki, wato sharuɗɗan naɗa alƙali da tsarin baitulmali da iyakar ikon sarki, a matsayin dukiyar tarayya: a rubuta sau ɗaya, duk mai buƙata ya juya, duk mai ilimi ya duba, wanda ya ga kuskure ya faɗa. Wannan shi ne abin da wasu gwamnatocin duniya suke ƙoƙarin yi yau da buɗaɗɗiyar manhaja, wadda ake sakin rubutun da aka gina ta da shi domin kowa ya karanta, ya ɗauka, ya gyara. Jihohinmu ba su da dalilin yi wa wannan hanya kallon baƙuwa, kuma tarihin ya nuna har da inda take iya karyewa.

Sai an dubi girman matsalar kafin a gane darajar maganin. Masu tuta sun bazu daga Katsina da Kano da Zazzau zuwa Bauchi da Adamawa, daga baya har Nufe da Ilori da Liptako, ƙasar da ake shafe watanni kafin a ratsa ta. Yawancinsu malamai ne da almajirai, ba su taɓa riƙe gari ba. Babu waya, babu ma'aikatan da za a tura daga cibiya su zauna a kowace fada, kuma a 1812 Shehu ya raba kula da ƙasar, gabas ga Bello, yamma ga Abdullahi. To, me zai sa alƙalin Yola da na Gwandu su yanke hukunci iri ɗaya a kan gado ko jingina? Littafi ne. Abdullahi ya rubuta Diya'ul Hukkami a Kano wajen 1806, lokacin da ya bar jama'a da niyyar tafiya Makka, mutanen Kano suka tsayar da shi suka roƙe shi ya rubuta musu yadda ake tafiyar da mulki a bisa shari'a. Bai ƙago shi daga kansa ba. Ya ɗebo daga nasihar da Almagili ya rubuta wa Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, da Tabsiratul Hukkami na Ibn Farhun, ya tsara su daidai da halin da ake ciki. Bello ya rubuta Usulus Siyasa saboda Ummarun Dallaje na Katsina, ya kuma rubuta amsoshin tambayoyin Yakubun Bauchi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan an yi shi ne don biyan buƙatar fada guda, amma babu wanda ya tsaya a fadar da ta nema. Abin da Kano ta roƙa, Zazzau ta juya, Gwandu ta karantar, ba tare da an sake biyan marubucin ko an nemi yardar Kano ba.

Ita kanta surar littafin ta taimaka. Ba a ɗinke shi. Warƙoƙi ne sake, a jera su tsakanin tadarishi biyu, a ɗaure, a zura cikin gafaka. A ƙasan shafi mai juyi yakan rubuta kalmar da za ta buɗe warƙa ta gaba, don in sun tarwatse a iya mayar da su, kuma saboda ba a ɗinke suke ba, malami yana iya raba wa almajirai uku ko huɗu su yi ta juyi a lokaci ɗaya. Matani da baƙar tawada, kanun babi da ja, sannan a bar gefe da faɗi, inda mai karatu zai sa ma'anar kalma mai wuya da Hausa ko Fillanci, ko ya nuna inda wani littafi ya saɓa. In an gama, sai a yi muƙabala: ɗaya yana karanta asali da ƙarfi, ɗaya yana bin sabon juyi da yatsa, inda aka tsallake kalma a mayar da ita a gefe. A ƙarshe mai juyi yakan sa sunansa, wani lokaci da sunan wanda ya yi wa aikin, ya roƙi gafara, ya nemi wanda ya ga kuskure ya gyara. Takardar kuwa daga Italiya take zuwa ta Tarabulus da Masar, mai alamar jinjirin wata uku in an ɗaga ta a haske, kuma tana da tsada. Duk da tsadar, aro da juyi sun zama ruwan dare, har baƙo ma ana ba shi: Clapperton ya tafi da wani yanki na Infaƙul Maisuri bayan ziyararsa ga Bello a 1824, Barth kuma a Gwandu ya samu aron Tarihus Sudan a 1853, ya kwashe abin da ya iya kwasa.

Juyi kaɗai bai isa ya sa a kira abu buɗaɗɗe ba. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka bar saɓaninsu a fili. Tsakanin Sifawa da Boɗinga an yi muhawara mai zafi a rubuce, kuma tsakanin wa da ƙane aka yi ta. Abdullahi ya tsananta a kan kiɗa da tufafin ƙawa da kiran shugaba da laƙabin sarauta, yana ganin wannan ƙofa ce ta komawa ga abin da aka yi hijira don a guje masa, ya faɗi haka a Diya'us Sulɗani. Shehu ya fi karkata ga sauƙi inda malamai suka yi saɓani, ya ba da amsa a Najmul Ihwani wajen 1812. A cikin wannan littafin ne kuma ya umarci almajirai su karanta littattafan Abdullahi da na Bello tare da nasa, kowa da fannin da ya fi ƙarfi. Shugaban da yake da ikon rufe bakin mai sukarsa, sai ga shi yana tura mutane su karanta shi. Bello ma haka ya yi da Shehu Laminu Alkanemi na Barno: ya sa wasiƙun da Alkanemi ya rubuto yana ƙalubalantar halaccin yaƙin a cikin Infaƙul Maisuri, tare da amsarsa, shi ya sa har yau muke iya auna hujjar kowane ɓangare. Abdullahi kuma a Ida'un Nusuhi ya jera malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta. Ke nan mai karatu ya san inda magana ta fito, ya san wanda ya ƙi ta, ya san dalilinsa. Masu gina buɗaɗɗiyar manhaja ba su zo da abin da ya wuce wannan ba, sai dai nasu a kwamfuta ake ajiye tarihin kowane gyara da sunan wanda ya yi shi.

Wani zai ce, ai buɗewar ta malamai ce kawai, talakan da bai iya Larabci ba me ya gani a ciki? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba zan ɓoye cewa bayi da waɗanda ba Musulmi ba ba su da murya a wannan muhawara. Buɗaɗɗen littafi bai hana zalunci ba, Abdullahi da kansa ya koka a Tazyinul Waraƙati a kan yadda son duniya ya shiga jama'a tun Shehu yana raye. Amma an ga giɓin harshe, an kuma yi aiki a kansa. Shehu ya yi waƙar Fillanci yana gargaɗin masu iko a kan danne haƙƙin talakawa. Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa wajen 1831, ita ce Tabbat Haƙiƙa, Isa ɗan Shehu kuma ya yi mata tahamisi. Aiki ɗaya, hannu uku, kowa ya ɗora a kan na wanda ya gabace shi ba tare da ya shafe sunansa ba. Jajojin da Asma'u ta naɗa wa malfa sun kai irin waɗannan waƙoƙi ƙauyuka ta hanyar 'Yan Taru. Matar da ta haddace abin da aka haramta wa hakimi ba lalle ta iya hana shi ba, amma ta san ya karya doka, kuma shi ma ya san ta sani. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a mulki.

Ƙalubale na biyu ya fi kaifi: a ce ina ɗora wa mutanen da ra'ayin da ba nasu ba, tunda a zamanin da babu injin ɗab'i babu dokar haƙƙin mallaka, juyi dole ne, ba zaɓi ba. Ban yarda ba, domin ɓoye ilimi sananne ne a ƙasar Hausa tun kafin su. Akwai laƙani da hatimi da asirin sana'a da ba a bayarwa sai ga ɗa ko ga wanda ya biya. Mulkin da suka tarar ma haka yake, al'adar fada ce da ke cikin kawunan fadawa, shi ya sa Shehu a Kitabul Farƙi ya lissafa kuɗin gari da kuɗin salla da jangali da gaisuwa a matsayin karɓe-karɓen da ba su da tushe a shari'a, sai abin da mai iko ya ga dama. Rubuta ƙa'ida da sakin ta ga jama'a amsa ce ga wannan, da gangan aka yi ta. Gaskiya ne littafi ba manhaja ba ne: littafi yana jiran alƙali ya karanta ya yi hukunci, manhaja kuwa ita take zartarwa da kanta. Amma wannan bambanci ƙara wa hujjata ƙarfi yake yi. In manhaja ce take lissafa albashin malamin firamare a Shagari, ko ta cire sunansa daga jerin ma'aikata saboda yatsansa bai hau na'ura ba, to ta zama doka kuma ta zama alƙali a lokaci ɗaya. Dokar da gwamnatin da ta saya ba ta da ikon buɗewa ta karanta, sai kamfanin da ya sayar, ta mayar da mu ga al'adar fada, sai dai fadar yanzu tana wani ofishi a Legas ko a ƙetare.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, wannan yanki ya sake gwada haɗin gwiwa ta wata fuska, kuma mutumin Shagari yana cikin waɗanda suka ga abin da idonsu. Shehu Shagari, wanda aka haifa a garin a 1925, malamin makaranta ne kafin siyasa, ya yi Waƙar Nijeriya don koyar da yara labarin ƙasa, kuma a 1978, shekara guda kafin ya zama shugaban ƙasa, shi da Jean Boyd suka fitar da littafi a kan shugabancin Shehu Usmanu. Bayan da aka raba Arewa jihohi shida a 1967, ya riƙe kwamishina a Jihar Arewa maso Yamma. Jihohin nan shida sun gaji abubuwan da ba sa rabuwa, irin su Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da gidan rediyon Kaduna, sai aka kafa hukumar wucin gadi, ICSA, ta riƙe musu su tare. Ba ta wuce tsakiyar shekarun 1970 ba. Sannu a hankali gwamnatin tarayya ta karɓi manyan cibiyoyin, kamfanin zuba jari na NNDC ya rage a hannun jihohin. Tarayya a kan gini da motoci da kasafi tana da wuyar ɗorewa, domin abin da wannan ya ɗauka ya fita daga hannun wancan. Abin da ake juyawa ba haka yake ba, kamar ɗiban wuta ne a murhun maƙwabci, ka tafi da taka, tasa tana nan tana ci. Wanda ya ce haɗin gwiwar jihohi ba ya yiwuwa don ICSA ta watse, ya haɗa abu biyu da ba jinsi ɗaya ba.

Kuma ba hasashe nake yi ba, abin ya riga ya iso Boɗinga da Shagari, ko da ba a kira shi da sunansa. A asibitin sha-ka-tafi, ma'aikaciyar lafiya tana cika rajista kullum: awon ciki nawa, haihuwa nawa, yara nawa aka yi wa riga-kafi, mutum nawa gwajin zazzaɓin cizon sauro ya kama. Ƙarshen wata a tattara a takardar taƙaitawa, jami'in ƙaramar hukuma ya shigar da alƙaluman a DHIS2, daga nan jiha ta gani, Abuja ta gani. Wannan manhaja Jami'ar Oslo ta Norway ce take jagorantar gina ta, tushenta daga aikin da aka fara a Afirka ta Kudu a shekarun 1990, kuma ma'aikatun lafiya na ƙasashe fiye da 70 suna amfani da ita ba tare da biyan kuɗin lasisi ba. Gyaran da wata ƙasa ta nema yakan shiga sabon fitowa ya amfani saura. Labarin SORMAS ya fi kusa da mu. Bayan ɓullar Ebola a 2014, masana lafiya na Nijeriya da cibiyar binciken Helmholtz ta Jamus suka gina ta don bin sawun annoba, aka gwada ta a jihohin Kano da Oyo a 2015. Da farko a kan fasahar kamfani mai zaman kansa aka ɗora ta, sai a 2016 aka mayar da ita buɗaɗɗiya. Gana ta ɗauka, kuma da korona ta zo a 2020, ofisoshin lafiya a Jamus kanta suka koma ga manhajar da aka fara gwadawa a Kano. A arewacin Turai, Estoniya da Finland sun kafa cibiya guda a 2017 don kula da X-Road, manhajar da ma'aikatunsu suke musayar bayanai ta cikinta, Iceland ta shiga daga baya. Kowace ƙasa da rumbun bayananta, amma rubutun manhajar ɗaya ne, kuɗin kula da shi kuma karo-karo.

A nan ne jami'in gwamnati yakan ɗaga hannu ya ce, in kowa yana iya karanta manhajar, ai an buɗe wa ɓarayi ƙofa. Daular Sakkwato ta bambance wannan tun tuni. Littafin da ya bayyana yadda ake mulki na kowa ne. Wasiƙar da Waziri Giɗaɗo ko magadansa suka aika wa Sarkin Kano ko na Zazzau kuwa, hatimi ake buga mata, amintaccen manzo ya ɗauka. Sanin ƙa'idar raba gado bai ba kowa damar sanin abin da wane ya bari ba. Haka manhaja take: rubutunta daban, bayanan mutane daban. Sunan mai ciki da sakamakon gwajinta suna kulle, da kalmar sirri da doka, ko manhajar buɗaɗɗiya ce ko rufaffiya. Bambancin shi ne, a buɗaɗɗiya gwamnati tana iya kiran masanin da ta amince da shi ya bincika ko akwai ɓaraka, a rufaffiya sai dai ta karɓi rantsuwar mai sayarwa.

Ƙalubalen da ya fi ba ni tsoro shi ne na kulawa, kuma a nan tarihi bai yi mana sassauci ba. Littattafan Boɗinga sun rayu ne saboda akwai zaurukan karatu da masu juyi da sarakunan da suke sayen takarda. Da wannan sarƙa ta yi rauni, da yawa sun koma cikin adaka, gara da ɗigon damina suna cin su, har sai da cibiyoyi irin su Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato da Gidan Arewa a Kaduna suka shiga tattara abin da ya rage. Babu wanda ya hana juyi. Masu juyin ne suka yi ƙaranci. Buɗaɗɗiyar manhaja ma ba ta da kuɗin lasisi, amma tana cin albashi da wutar lantarki da intanet da horo. Babban ɓangaren abin da ake kashewa a kan tsare-tsaren bayanan lafiya a ƙasashenmu daga masu ba da agaji yake fitowa, kuma 2025, shekarar da Amurka ta rushe hukumarta ta USAID, ta nuna yadda wannan hannu yake iya janyewa dare ɗaya. Buɗewar tana ba mu damar karɓar ragamar in mai tallafi ya tafi, abin da rufaffiyar manhaja ba ta bayarwa, amma damar ba ta da amfani in babu wanda ya iya karanta rubutun. Bello ya gaya wa Ummarun Dallaje cewa wajibin shugaba ne ya raya masu sana'a a ƙasarsa. Masu sana'ar wannan aiki suna fitowa kowace shekara daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato, kuma gwamnatin da ba ta ɗauke su ta biya su albashin da zai zaunar da su ba, za ta ci gaba da hayar baƙo ya buɗe mata kayanta.

Sakkwato da Kebbi da Zamfara jiha ɗaya ce har 1991, lokacin da aka cire Kebbi, Zamfara kuma ta bi a 1996. Tsarin albashinsu da rajistar filaye da lissafin ɗalibai daga kundi ɗaya suka fito, matakan ma'aikatansu iri ɗaya ne, matsalolinsu ma haka. Babu dalilin da zai sa kowace ta biya ɗan kwangilarta daban ya gina mata abu ɗaya, sannan in gwamnati ta canja ko kwangila ta ƙare, ya tafi da rubutun, a koma farko. Abin da ake buƙata bai kai girman ICSA ba, kuma bai taɓa ikon kowane gwamna ba: sharaɗi guda a takardar kwangila, cewa duk manhajar da aka gina da kuɗin jama'a, rubutunta mallakar jiha ne kuma za a sake shi ga sauran jihohi; sai ƙaramar tawagar ma'aikata ta dindindin da jihohin uku za su yi karo-karo su biya, ta riƙa karɓar ƙorafi daga ƙananan hukumomi tana gyara. Ɗan kwangila ba zai rasa aiki ba, sai dai a biya shi ladan ginawa da horarwa maimakon kuɗin riƙe mabuɗi. In an fara da rajistar ɗalibai da malaman firamare, wadda ba ta da sarƙaƙiyar haraji, sakataren ilimi na Shagari da takwaransa na Jega da na Gumi za su iya cika fom iri ɗaya, kuma kuskuren da ɗaya ya gano a zangon farko a gyara wa dukansu kafin zango na biyu.